Ba Shi Ya Manta da Sandunan Ba

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, muka taru a unguwar Karama ta Dubai don zaman makokin mijin yayata, a gidan da ɗansa na fari ke haya. A Maraɗi ya rasu, a can aka rufe shi. Mu na Dubai abin da ya rage mana shi ne tabarma da addu'a. Falon ƙarami ne, sai da aka jingine katifu da bango, takalma kuwa suka cika matakala. Ni aka zaunar kusa da ƙofa, don ni ne kawun mai gida, ni ake fara miƙa wa hannu.

An zo, ba zan ce ba a zo ba. 'Yan kago masu aika kaya gida sun zo, direbobin unguwar masana'antu ta Jabal Ali sun zo, mutanen Nijar sun shigo a jere suna “Allah shi jiƙan shi, Allah shi ba da haƙuri.” Ana tsakiyar fatiha wayar wani ɗan kasuwa ta yi ƙara, ya kare baki da hannu yana “halas, habibi, kwantenar gobe za ta fita,” sannan ya shafa tare da mu kamar ba abin da ya faru. Wannan bai dame ni ba. Wanda ya zauna a garin nan ya saba.

Abin da ya dame ni sai da aka kawo shayi, harsuna suka saki.

Wani direban kamfaninmu ya kurɓa, ya ce, “Allah Ya jiƙan tsoho. Mutum ne mai haƙuri. Sai dai ƙaddara, rana ɗaya ya manta da sanduna, shi ke nan ƙafa ta tafi, aiki ya tafi.”

Na kusa da shi ya ce, “Ai har yau da shi ake misali a yadin motocin kamfani.”

Ɗan kasuwar nan mai waya, wanda bai taɓa jan ko baro ba, ya ce, “Tsufa ne. Mutum idan ya kai wasu shekaru ya ajiye sitiyari, ya koma gida ya riƙe carbi.”

Na dubi ɗansa, ina jiran ya tsawata musu. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce, “Haka Baba yake. Ba ya jin magana.”

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Mutumin bai kwana uku a kabari ba, ga shi ana juya shi da cokali a cikin kofin shayi. Mutanen da ya koya wa yadda ake riƙe sitiyari su ne ke yi masa shaidar sakaci. Na so in tashi in kwashe takalmansu in watsa titi. Abin da ya zaunar da ni shi ne na san daga bakin wa suka ji labarin.

Bari in fara da faɗin ko shi wane ne, don da yawan waɗanda suka zauna a falon nan gurgunsa kawai suka sani.

Ni Yaya nake ce masa, shi kuma Bakano yake ce mini. Tun da ya auri yayata wasa ke tsakaninmu, irin na miji da ƙanen mata. Shi ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru, shi kuma ya nemo mini biza lokacin da motar da nake ja tsakanin Kano da Legas ta mutu, ni ma na kusa binta. Da na faɗi jarrabawar tuƙi ta nan har sau uku, kunya ta hana ni kiran gida. Shi ya riƙa gaya wa yayata cewa takarda ake jira, Larabawa ba sa sauri. Da kansa yake kai ni fili ranar hutu, ya jera galan-galan, ya zauna a inuwa yana cin dabino yana yi mini dariya. “Shekara ashirin bisa hanyar Ikko, ga galan ya kada ka!”

Kamfaninmu hayar janareta yake bayarwa, da ɗakunan katako masu taya da ake kaiwa wuraren gini. A lokacin ko'ina ka duba gini ake yi, aiki ba ya yankewa. Ba da manyan motoci muke ja ba, da jif ne, a maƙala masa ƙaramar tirela a baya. Idan kayan sun yi nauyi sai su danne bayan motar, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako a hannu. Maganin wannan wasu sandunan ƙarfe ne guda biyu, kowace ta kai tsawon hannu. Suna fitowa daga ƙasan maƙalar, wato ƙarfen da ke haɗa mota da tirela, a ja ƙarshensu sama da sarƙa a rataya a wuyan tirela. Da an ɗaure su sai bayan mota ya miƙe, nauyi ya rabu, tayoyin gaba su kama ƙasa. A kan titi rahama ne.

Amma idan za ka yi ribas ka tura tirela kan tudu mai tsayi, labari ya canza. Tirela ta fara hawa, mota tana ƙasa, mahaɗarsu ta lanƙwashe kamar gwiwar hannu. Sandunan da ma a ɗaure suke tam, yanzu ana ƙara lanƙwasa su fiye da ƙarfinsu. Tayoyin bayan mota su rasa nauyi, su riƙa juyawa a banza. Idan ka ƙara wuta, dole wani abu ya tsinke. Shi ya sa ake sauke su kafin a hau. A sa weji a tayoyi, a murza jak har sarƙa ta yi laushi, a zura bututu a kwantar da marataya a hankali, mutum yana tsaye a gefe, ƙafarsa nesa. Minti biyar ne. Duk abin da zan faɗa a takardar nan a kan minti biyar ɗin nan ne.

Yaya bai taɓa tsallake su ba. Yana da wani bututu da ya naɗe wa tsumma a mariƙi, ba ya ba kowa aro, a ƙarƙashin kujerarsa yake kwana. Kafin ya yi ribas ko'ina sai ya sauka, ya taka wurin da ƙafarsa tun daga ƙasa har sama, hannu a baya kamar mai duba gonar da zai saya. Ya dawo ya tsuguna ya leƙa ƙasan maƙala. Idan ka ce masa lokaci na tafiya, sai ya ce, “Sandunan ga na titi ne, ba na tudu ba. Sauka ka gani da idonka.” Idan yana yi wa wani jagora daga baya, ba ya ihu. Tafin hannu ɗaya yake ɗagawa, yana “dusma, dusma,” wato a hankali, irin Faransancinsu na can. Direbobi 'yan Indiya da 'yan Pakistan duk sun iya kalmar, har suna kiransa da ita.

Wata rana muka kai janareta wata gona wajen duwatsun Hatta. Hanyar shiga ɗakin injin tudu ce sosai, ga tsakuwa. Mai gonar yana tsaye da farar riga yana duba agogo. Yaya ya sauka ya fara takawarsa. Balaraben ya fara, “Yalla, yalla, ya hajji!” Yaya bai ɗago ba. Ya sake, “Yalla!” Sai Yaya ya zare makulli, ya je har gabansa ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce, “Tafaddal, arbab,” wato bismillah, maigida. Mutumin ya tsaya yana kallon makullin. Yaya ya juyo gare ni ya ce da Hausa, “Hwaɗa mashi tirela ba ta jin Larabci.” Balaraben ya kai ƙara ofis. Mudir, wato shugaban yadinmu, ya yi faɗa. Bayan wata biyu mai gonar ya sake neman janareta, ya ce kada a turo masa kowa sai tsohon nan.

Wannan shi ne mutumin da aka ce ya manta.

Ni kuwa raina abin nake yi. In faɗi gaskiya, har cikin zuciyata. Na ja babbar tirela mai tayoyi goma sha takwas, na yi ribas da ita a cikin kasuwanni inda ko keke ba ya juyawa. Babbar tirela ba ta da wasu sanduna, a kan bayan mota take zaune, ka tura ta tafi. Sai ga ni ana koya mini tsugunno a gaban abin da bai fi amalanke ba. Mun yi faɗa a kan haka a wurin cin abinci, a gaban mutane. Na ce masa, “Yaya, wannan duk tsoro ne. Ku mutanen Faransa komai sai kun yi masa dogon salati.” Ya ajiye cokali. Ba wasa a fuskarsa. Ya ce, “Bakano, babbar mota ta koya maka ƙarhi, ba ta koya maka ladabi ba. Wagga ƙarama ita za ta koya maka.” Na yi tsaki na tashi. Kwana biyu ban gaishe shi ba, mutumin da a ɗakinsa nake kwana.

A makon ne aka tura mu wani sito a Jabal Ali da babban janareta. Tsakiyar zafi ne, kusan azahar, iska kamar daga bakin tanda. Dakalin da za a ajiye injin yana sama, hanyar hawansa ta kankare ce, gajeriya amma a miƙe. Yaya ya taka ta, ya dawo ya ce, “Sauke sanduna ka jira ni. Zan kai takarda ƙofa.” Ya ajiye mini bututunsa a kan bayan mota, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Sulhu yake nema da ni. Na gane, kuma na ƙi.

Na dubi bututun, na dubi rana, na dubi tudun. Na ce a raina kafin ya dawo zan ɗora injin nan a sama, in zauna a kansa in jira shi, ya ga yadda direban gaske ke yi. Na jefa bututun cikin mota, na shiga, na rufe gilashi, na kunna sanyi, na sa ribas.

Tirela ta fara hawa. Da ta kai rabi motar ta fara kuka, na ji bayanta ya yi sama-sama, tayoyi na juyawa suna ƙauri. A madubi na hango shi ya taho da gudu, takarda a hannu. Ban taɓa ganin Yaya yana gudu ba sai ran nan. Ya iso daidai maƙalar, ya ɗaga tafin hannu. Na gan shi. Kada wani ya ce mini ban gani ba, don na sha gaya wa kaina haka kuma ƙarya ne. Na ga hannun, na ce saura kaɗan, na taka wuta.

Ƙarar kamar an harba bindiga. Maratayar sarƙa ta ɓalle daga wuyan tirela, sandar ta sauko da duk ƙarfin da na tara mata, ta same shi a ƙwauri. Tirela ta karkace, janareta ya daki bango.

Da na fito yana kwance a kan kankare mai zafi, ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Bai yi ihu ba. Ya kama wuyan rigata ya jawo ni, ya ce, “Rufe bakinka. Ka jiya? Rufe bakinka.” Da mai gadi da mutanen sito suka iso, da mudir ya zo, da aka zo rubuta rahoto, magana ɗaya ya yi ta maimaitawa: shi ne babba, shi ke da alhakin ɗauri da kwancewa, shi ya manta, shi ya ba ni hannu in taho. Aka juyo gare ni aka ce haka ne? Na ce haka ne.

A asibiti na tambaye shi don me. Ya ce, “Ni na kawo ka. In an kore ka, mi zan hwaɗa ma yayarka? Ɗiyanka ƙanana ne, nawa sun tasa.” Ya rufe ido, ya ƙara da cewa, “Ka dai koya ma na baya.”

Har yau ina jin haushinsa a kan wannan, Allah Ya yafe mini. Wa ya roƙe shi? Da ya bar ni na sha dukan da na jawo, da yanzu na warke. Ya ɗauki laifina ya tafi da shi, ya bar ni da lafiyayyun ƙafafu biyu da bakin da ba ya buɗuwa. Amma wannan haushin na banza ne, na sani. Ya ce in rufe baki a gaban mudir. Bai ce in rufe shi shekara biyar ba.

Kamfani ya sallame shi saboda sakaci, aka soke bizarsa. Ya koma Maraɗi da ƙarfe a ƙafa da sanda a hannu, bai sake tuƙi ba. Ni aka ba matsayinsa. Kuma ga inda na fi ƙazanta. Duk sabon direban da aka ɗauka, mudir sai ya ce in nuna masa yadda ake sauke sanduna, in ba shi labarin tsohon nan don ya ji tsoro. Na bayar. Da bututunsa a hannuna na bayar. Da farko a gajarce, ina kallon ƙasa. Daga baya bakina ya saba, har na fara ƙara gishiri: ai shekaru sun ja, ai idonsa ya fara rauni. Ɗansa na fari ya bar jami'a a Yamai don gida ya rasa mai riƙewa, ni na samo masa aiki a ofishin kago, mutane suna ta sa mini albarka, kawu na gari. Na ga yadda yaron ke amsa wayar ubansa a tsaye, kalma biyu ya kashe. Na san dalili. Na yi shiru. Yaya kuwa duk Sallah sai ya kira ni, ya ce, “Bakano, ana sauke sanduna?” In ce ana saukewa. Ya yi dariya ya ce madalla.

To, wannan ne ke cikina a falon Karama lokacin da ɗansa ya ce ba ya jin magana.

Na ajiye kofi. Na ce, “Ba shi ya manta ba.”

Ba wanda ya kula, sai da na sake faɗa da ƙarfi. Wani dattijo daga cikin mutanen Nijar, wanda ya ja mana addu'a, ya taɓa gwiwata ya ce, “Alhaji, yi haƙuri, nan ba wurin wagga magana ba ne.”

Na ce, “Nan ne wurinta, Malam. A nan aka ci namansa, a nan za a wanke shi.”

Na faɗa musu duka, kamar yadda na rubuta a sama, ban rage bututun ba, ban rage hannun da na gani a madubi ba. Direban da ya fara maganar ya ce, “Amma Alhaji, ai kai da bakinka ka ce mana...” Na ce, “Ni na ce. Ƙarya na yi muku. Kai kuma ka ji ƙarya ka ɗauko ta har gidan makoki, ko kunyar ɗansa ba ka ji ba.” Ban da haƙƙin yi masa faɗa, amma na yi. Ɗan kasuwar ya tashi ya ce yana da kaya a tashar jirgi. Wasu suka bi shi. Falon ya yi fili.

Ɗan yayata bai motsa ba. Can ya ce, “Kawu, ka san abin da na gaya masa a waya ta ƙarshe?”

Na ce ban sani ba.

“Ya ce in zo gida ya gan ni. Na ce da ya kula da aikinsa da ba sai na zauna a nan ba.” Muryarsa ba ta rawa ko kaɗan, wannan ya fi tsorata ni. “Kana nan. Kullum kana nan. A kwano ɗaya muke ci.”

Na ce, “Ka yi mini duk abin da ka ga dama.”

Ya ce, “Ni ba abin da zan yi maka.” Ya ciro waya, ya danna, ya jira, ya ce, “Inna, ga Kawu, yana da magana.” Ya miƙo mini.

Yayata tana cikin takaba, muryarta ta dushe. Ta fara yi mini godiya a kan ɗawainiyar yaro. Na ce ta dakata. Na sake faɗa tun daga farko, karo na biyu a yini ɗaya, bayan shekara biyar ban faɗa ko sau ɗaya ba.

Da na gama sai ta ce, “Shekara biyar ina gasa masa ƙafar nan da ruwan zafi. Ina gasawa ina yi masa gori. Ina cewa ga abin da sakacinka ya jawo mana, ga yaro ya bar karatu. Sai ya ce in ƙara ruwa, ya huce.” Sannan ta ce, “Kai ka samu wanda za ka gaya wa. Ni fa? Wa zan je in ba haƙuri?”



Ta ce, “Ranar arba'in za a taru a ƙofar gida. 'Yan'uwansa duk za su zo, da waɗanda suka riƙa yi masa dariya a majalisa. Ka zo ka tsaya da rana tsaka ka faɗa musu da bakinka. Kada ka shigo wurina sai ka gama.”

Na nemi hutu, mudir ya ce aiki ya yi yawa, idan na tafi kada in dawo. Na ajiye masa makulli a kan tebur. Kafin in tashi na zauna na rubuta wannan da ɗan ilimin da nake da shi, za a buga a raba a yadi da shagunan kago, don waɗanda na ba labarin ƙarya sun watsu, wasu suna Sharja, wasu sun koma gida, ba zan iya bin su ɗaya-ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa ji daga bakina, ko daga bakin wanda ya ji daga gare ni, cewa tsohon direban nan na Maraɗi ya manta da sanduna, ya je ya gyara a inda ya faɗa. Bai manta ba. Bai taɓa mantawa ba ko sau ɗaya.

Allah Ka yalwata masa kabarinsa, Ka miƙe masa ƙafar da na karya, Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙurin da ni na sa suke bukata. Wanda zai yi addu'a ya yi masa shi. Tawa ku bari tukuna, sai na tsaya a ƙofar gidan nan.